Katin da Ya Sha Magani

Akwai wani mutum a wani gari, aikinsa ajiye katunan marasa lafiya a asibiti, a ɗakin masu tarin fuka. Shi ba likita ba ne, ba ya yin allura, ba ya rubuta magani. Tebur gare shi a bakin taga, da tulun ruwa, da kofi, da biro ɗaure da zare don kada wani ya wuce da shi. Ya daɗe a wurin har sunansa ya ɓace a bakin mutane, kowa Mai Kati yake ce masa.

Ga yadda aikin yake. Maganin tarin fuka ba a shan sa kwana biyu a ajiye. Wata shida ne cur, kullum ta Allah. Saboda haka duk wanda aka gwada kakinsa aka ga cutar, sai a buɗe masa kati. A jikin katin akwai 'yan gurabu a jere kamar na dara, kowace rana da nata. Da safe mai ciwo zai zo, a zuba masa ƙwayoyinsa a tafin hannu, ya haɗiye a gaban Mai Kati, ya kora da ruwa. Sai maƙogwaro ya motsa, sa'an nan biro ya motsa. Dokar ɗakin ke nan: abin da ido ya gani, shi hannu zai rubuta.

In mutum bai zo ba, sai a bar gurbinsa fari. In farin ya fara yawa, sai a zare katin daga cikin 'yan'uwansa a miƙa wa Magaji. Magaji shi ne mai bin sawun waɗanda suka daina zuwa. Yana da babur na asibiti, mai ƙara kamar injin niƙa, ga tambari a jikin tankin. Unguwa-unguwa yake bi, ƙauye-ƙauye, yana tambaya har ya tsaya a ƙofar gidan mutum. Ba wanda bai san babur ɗin nan ba a garin. In ya tsaya a ƙofar gida, kafin Magaji ya gama sallama maƙwabta sun riga sun kira 'ya'yansu ciki.

To, Mai Kati mutum ne mai son aikinsa ya fita tsaf. Farin gurbi a tsakiyar kati yana damun sa kamar giɓi a baki. In kuwa kati ya cika daga sama har ƙasa, sai ya ɗaga shi a hasken taga ya yi ta kallo, kamar manomin da ya kai ƙarshen kunya ya juyo yana duban aikinsa.

Ana nan sai aka kawo wani saurayi mai suna Habila. Aski yake yi, shagonsa na bakin tashar mota. Uwarsa 'yar ƙauyen su Mai Kati ce, don haka Kawu yake ce masa tun yana ƙarami. Ya zo a rame, wuya kamar na tulu, tari ya hana shi ƙarasa magana. Aka gwada, aka ga cutar, aka buɗe masa kati.

Sista Keziya, wadda ke riƙe da ɗakin, ta zaunar da shi ta ce, "Ka ji ni da kyau, Habila. Tarin zai tsaya tun cutar ba ta mutu ba. Kwanciya za ta yi, ba tafiya ba. Ranar da ka tashi ka ji garau, wannan ranar ta fi yau hatsari."

Ya ce, "Na ji, Sista."

Ya rufe shago, ya ce wa mutane taifod ne ya kama shi. Kullum da sassafe sai ya biyo ta ƙofar baya, ya ja hula har gira, ya haɗiye, ya sulale. Katinsa ya yi ta cika, layi bayan layi. Kafin wata biyu su wuce tarin ya tsaya, kumatu suka dawo, ya buɗe shago.

Ka san aikin bakin tasha da safe ake yin sa, kafin direbobi su yi lodi su tashi. Sai Habila ya tsallake rana ɗaya. Ya zo, ya sake tsallakewa. Da ya bayyana, Mai Kati ya juya masa katin ya ce, "Ɗana, ina ka shiga? Dubi gurabunka."

"Kawu, ni fa na warke. Dube ni da kyau. Jiya tuwo malmala uku na tashi da shi, har matata tana leƙa bayana ko da wani muke ci."

"Ba ni na yanka wata shida ba."

"Na sani. Shan ba ya gagara ta, zuwan ne. Ina nan ina layi a benci, direbobi suna can suna kai kawunansu wani shago. Ka ƙulla mini in tafi da shi gida mana."

Mai Kati ya ce, "Akwai hanyar haka. Mu gaya wa Sista, a kira matarka, a nuna mata, ita ta riƙa kallon ka kana sha."

Habila ya dafe kai. "Matata? Ita taifod ta sani. In ta ji, uwarta ta ji. In uwarta ta ji, ai gara in ɗauki mai shela in ba shi ganga." Sai ya matso, ya rage murya. "Kawu, abu ɗaya nake roƙon ka. Kada babur ɗin nan ya zo ƙofar shagona. Ni aikina numfashi a kan fuskar mutum ne. Wa zai miƙa wa mai tarin tibi wuyansa? Ranar da Magaji ya kashe injinsa a gabana, ranar na gama aski a garin nan."

Mai Kati ya dube shi. Gaskiya yaron ya faɗa, ya san mutanen garinsu. Ya tuna uwar Habila, ya tuna ranar sunansa. Ya dubi ƙofa, Sista tana can ɗakin gwaji. Sai ya ƙulla ƙwayoyin mako guda a leda ya tura masa.

"Ka sha fa."

"Haba, Kawu. Ni yaro ne?"

Da Habila ya fita, ya rage Mai Kati da katin. Ga fararen gurabu suna kallon sa. In ya bar su, gobe ko jibi katin zai faɗa hannun Magaji. Ya ce a ransa, ai maganin yana hannun yaron, sha zai yi, bambancin kawai ban gani ba. Ya jawo biro. A ranar ce biro ya fara motsi ba tare da maƙogwaro ya motsa ba. Ya ɗan yi jinkiri a gurbin farko. A na biyu bai yi ba.

Daga nan abin ya zama al'ada. Kullum da safe Mai Kati ya sa wa Habila alama tare da ta kowa. Ran Asabar kuma ya sa ƙullin magani a aljihu ya tafi aski. In Habila ya zo ɗaura masa ƙyalle a wuya, sai ƙullin ya wuce daga hannu zuwa hannu, ba wanda ya lura.

"Kana sha?" in ji Mai Kati ƙasa-ƙasa.

"Ina sha mana. Daina motsa baki, Kawu, kada in rage maka kunne."

Wata Asabar, yana zaune a kujera, sai idonsa ya faɗa ta cikin madubi a kan wata 'yar kanta, bayan gwangwanin hoda. Ya ga wani abu mai kama da ƙullin da ya kawo makon jiya, ɗaurinsa ma ba a kwance ba. Ya buɗe baki zai yi magana, sai wani direba ya shigo yana cewa a yi sauri motarsa ta kusa cika. Mai Kati ya ce a ransa, auduga ce. Ya rufe ido don kada gashi ya shiga.

Akwai kuma wata tsohuwa mai sayar da daddawa da aka buɗe wa kati a lokaci guda da Habila. Ita katinta abin kunya ne a wurin Mai Kati. Ta zo yau, ta ɓace gobe, ta tafi biki ƙauye ta manta. Ba ta da kawu a asibiti, don haka gurabunta suka zauna farare, katin ya tafi hannun Magaji. Ya je ya same ta a tsakiyar kasuwa. Ta dawo a bayan babur ɗinsa tana zuba masa faɗa tun daga ƙofar asibiti.

"Ka tona mini asiri, ɗan nema! Gaban 'yan kasuwa kaf! Da kakarka ce za ka yi mata haka?"

Magaji ya ce, "Da kakata ce, Iya, ɗaure ta zan yi a babur da igiya. Buɗe baki."

Ta buɗe, ta haɗiye, tana harararsa. Ba sau ɗaya ya ɗauko ta ba. Gefen katinta duk ya cika da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza.

Wata safiya Magaji ya zo karɓar katunan da zai bi. Yana jira, sai ya ce, "Af, Baba, Habila mai aski fa? Na kwana biyu ban gan shi a benci ba."

"Sammako yake yi. Lokacin kai kana jan minshari."

"Yau ta tasha zan bi. Ko in leƙa shi?"

Mai Kati ya zaro katin ya nuna masa. "Dubi nan. Me za ka je yi?"

Magaji ya duba, ya ga ko'ina baƙi, ba fari ko ɗaya. Ya ce, "Shi ke nan. Ni inda fari ya aike ni nake zuwa." Ya tayar da babur, ya bi ta gaban shagon Habila, bai tsaya ba.

Da wata shida suka cika, aka nemi Habila ya kawo kaki a yi gwajin ƙarshe. Ya aiko da cewa maƙogwaronsa ya bushe, ko ya yi kakari ba abin da ke fita. Hakan yakan faru ga wanda ya warke, saboda haka ba wanda ya yi mamaki. Aka rubuta a ƙasan katin cewa ya gama magani. Sista Keziya ta ɗaga shi ta ce, "Da kowa kamar yaron nan yake, da mun huta." Mai Kati ya kai katin kantar sama, inda ake ajiye na waɗanda suka gama. Tsohuwa mai daddawa kuwa sai da aka ƙara mata kwanakin da ta tsallake. Ta gama daga baya, aka gwada, ba a ga komai ba. Ta taka rawa a tsakar ɗakin, ta kawo wa Magaji daddawa ƙulli guda, ta ce ba don halinsa ba.

Damina ta wuce, aka yi kaka. Wata Asabar Mai Kati yana kujerar aski, sai Habila ya juya baya ya yi tari a cikin hularsa. Ya ce sanyi ne. Asabar ta gaba shagon a rufe. Ta gaba ma haka. Mai Kati ya koma aski a wani wuri, bai tambayi kowa ba, gama yana tsoron amsar.

Ran nan da hantsi aka sauke wani mutum daga keke mai ƙafa uku a ƙofar ɗakin, mace tana tallafe da shi. Sai da ya ce "Kawu" kafin Mai Kati ya gane shi. Aka gwada. Cutar ta dawo, kuma ba yadda ta tafi ba. Ta zama irin wadda ba ta jin maganin farko, gama an ɗanɗana mata shi an bari, ta saba da shi.

Sista Keziya ta ce a kawo tsohon katinsa. Mai Kati ya taka kujera ya sauko da shi. Ta dubi katin, ta dubi mutumin da ke kwance a benci, ta sake duban katin.

Ta ce, "Ban gane ba. Ko gurbi ɗaya bai tsallake ba."

Habila ya so ya yi dariya, tari ya tare shi. Da ya lafa ya ce, "Sista, katin ne ya sha magani. Ni ban sha ba."

Matarsa ta kwance bakin zanenta ta zube wasu ƙulle-ƙullen leda a kan tebur. Ta ce a shago ta same su, bayan madubi, ranar da ta je kwaso kayan aikinsa. Ta ce ita taifod aka gaya mata.

Sista ta sa yatsa a kan layukan nan masu kyau, ta ce, "Baba, hannunka ne wannan?"

Ya ce, "Hannuna ne."

Ta juya ta shiga shirya takardun da za a tura Habila babban asibiti a wani gari mai nisa, inda ake jinyar irin wannan, jinya mai tsawo da wahala. Ta ce matarsa da 'ya'yansa duk sai an gwada su.

Kafin motar da za ta kai Habila ta tashi, Mai Kati ya je ya tsaya a bakin tagarta. Habila ya juyo da kai ya ce, "Kawu, ka san wani abu? Da farko ina aski ina sauraron titi. In na ji babur mai ƙara sai gabana ya faɗi, in ce ga shi nan. Da tarin ya dawo, sai na koma sauraro ina so ya zo. Kunya ta hana ni in kawo kaina, mutumin da aka ce ya gama. Na ce in ya zo zan yi masa faɗa kamar yadda kowa ke yi, sa'an nan in hau bayansa. Kullum ina jin sa yana wucewa. Bai taɓa tsayawa ba."

Mai Kati ya ce, "Ba wanda ya aike shi."

Motar ta tafi. Washegari babur ɗin Magaji ya tsaya a ƙofar gidan Habila don a kai yaran gwaji, daga nan ya wuce tasha yana tambayar waɗanda suka saba zama a shagon. Abin da aka ɓoye wata da watanni, garin ya ji shi a wuni guda. Ko Habila ya dawo ya sake riƙe aska, labarin bai kai nan ba. Mai Kati dai an ja masa kunne, an bar shi a teburinsa. Tun daga ranar, in gurbi ya zauna fari, sai ya ajiye biro ya bar shi fari, ya leƙa ta taga ya kira Magaji.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta.

Da farko kada wani ya fita daga nan ya ce mai tarin fuka mai zunubi ne. Cuta ce kamar kowace, tana da magani, wanda tari ya daɗe masa ya tafi asibiti, ya kuma sha har ƙarshe. Misali muka yi da ita kawai, domin halinta ya yi kama da na wani ciwon, wato yin sanyi a bin Ubangiji. Shi ma yakan kwanta, mutum ya ce ya tafi. Mutum yakan zo da kuka lokacin wahala, ya riƙe addu'a da Maganar Allah kullum kamar mai shan magani. Da ya ji sauƙi, aiki ya buɗe, kumatu suka dawo, sai ya ce shan ba ya gagara ta, zuwan ne. A ƙulla mini in tafi da shi gida. Kun dai ga inda ƙullin ya ƙare.

Asibitin nan ikilisiya ce. Farin gurbi kuwa shi ne wurin ɗan'uwanka a benci, da ka waiga ran Lahadi ka ga ba kowa. Abin ba kyan gani. Amma farin nan shi ne kaɗai bakin da wanda ya ɓace yake da shi. Shi ba zai yi kira ba, kunya ta riƙe shi. Gurbinsa ne ke kira a madadinsa, kuma sai an ji kiran ake aika mai nema.

Mai Kati ba mugu ba ne, ku lura. Bai ƙi Habila ba, ƙaunar sa yake yi. Ya so ya rufa masa asiri, ya kuma so katunansa su yi kyau, shi kansa bai san wanne ya fi ƙarfi a zuciyarsa ba. Mai Kati mu ne. Dattijon ikilisiya ya tambayi uwa, ina ɗanki da ya tafi birni? Ta ce yana lafiya, yana zuwa sujada a can, alhali rabon da ta ji muryarsa ita ma ta manta. An sa alama. A tambayi mace, maigida fa? Ta ce aiki ne ya yi masa yawa. An sa alama. A tambayi saurayi abokinsa, ya ce ai na gan shi jiya, lafiyarsa ƙalau, alhali ya san inda ya gan shi, ya ga ƙullin a bayan madubi ya ce auduga ce. Haka muke cike wa juna gurabu har katin ikilisiya ya yi kyau, a ɗaga shi a yaba, mutanen ciki kuwa suna ramewa. Duk wanda ya taɓa daɗewa ba ya gida zai gaya muku, ba faɗan mutanen gida ne ya fi ciwo ba. Abin da ya fi ciwo shi ne ka ji an ce kana lafiya, don haka ba wanda ya taso.

Ba cewa aka yi ku kai sunan ɗan'uwanku kasuwa ba. Katin mai fari Magaji ake miƙa wa, ba 'yan tasha ba. A gaya wa wanda zai tashi ya je, ba wanda zai zauna ya ba da labari ba. In kuwa kai aka aika, ka shirya shan faɗa. Tsohuwa mai daddawa ta zagi Magaji a gaban jama'a, katinta ya fi na kowa muni, amma ita ce ta yi rawa a ƙarshe.

Ku kuma sani, akwai Mai ajiye lissafin da ba ya rubuta sai abin da idonsa ya gani, idonsa kuwa yana ganin bayan madubi. A wurinsa kawu ba ya sa wa ɗa alama, uwa ba ta haɗiye wa ɗanta magani. Ba don ya kunyata mu yake barin gurabunmu farare ba. Domin ya aiko a neme mu ne.

In akwai Habila a cikinmu yau, wanda ke zaune yana sauraron titi, kada ka jira babur. Wataƙila wani mai ƙaunarka ya riga ya cike katinka. Taso da ƙafarka, ƙofar ɗakin a buɗe take, tulun ruwa yana nan. Sauranmu kuma, kowa ya waiga ya dubi bencin da yake zaune. In ka ga gurbi, ajiye biro. Ka faɗi sunan mai wurin, sa'an nan ka tambaya wa zai je.